Babi na Shida: 'Yan Mormon a Idon Jama'a

Addinin Mormon ya samo asali ne a jihar New York ta Amurka, inda Joseph Smith ya kafa cocinsa ranar 6 ga Afrilu, 1830, jim kaɗan bayan Littafin Mormon ya fito daga maɗaba'a a garin Palmyra. Smith ya ce wani mala'ika mai suna Moroni ne ya nuna masa wasu allunan zinariya da aka binne a wani tudu, masu ɗauke da tarihin mutanen da suka taso daga Kudus suka zauna a nahiyar Amurka tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma da ikon Allah ya fassara su zuwa Turanci. A yau babban cocin da ya gaje shi, mai hedikwata a Salt Lake City ta jihar Utah, yana lissafa mabiya fiye da miliyan 17, sama da rabinsu a wajen Amurka.

Tun daga ranar farko ba a taɓa samun baki ya zo ɗaya a kan wannan addini ba. Akwai saɓani a kan aƙidarsa, akwai kuma saɓani a kan mutanensa, kuma ba kullum biyun suke tafiya tare ba. Mutum yakan ƙi yarda da ko kalma ɗaya daga abin da Smith ya zo da shi, amma ya rantse bai taɓa zama da maƙwabci mai kirki kamar ɗan Mormon ba. Haka kuma laifin da ake ɗora musu ya riƙa sauyawa da sauyin zamani, har abin da aka zarge su da shi a ƙarni na 19 ya zama kishiyar abin da ake zarginsu da shi yanzu.

Shekarun kora da zubar da jini

Ƙiyayyar farko ba ta tsaya a kan wahayi ba. Sababbin mabiya sun riƙa ƙaura suna taruwa wuri guda, da farko a Kirtland ta jihar Ohio, sannan a yammacin Missouri, inda suka ce nan za a gina Sihiyonarsu. Mazauna Missouri suka ga baƙi suna sayen gonaki, suna ciniki a tsakaninsu, suna kaɗa ƙuri'a wuri ɗaya. Da yake yawancinsu 'yan arewacin Amurka ne, aka kuma yi musu kallon masu adawa da bauta a jihar da ake riƙe bayi. A 1833 aka kore su daga gundumar Jackson. A 1838 rikicin ya zama yaƙi, kowane ɓangare ya ƙona gidajen ɗaya, har Gwamna Lilburn Boggs ya ba da umarni ranar 27 ga Oktoba cewa a kore su daga jihar ko a kawar da su. Kwana uku bayan haka aka kashe 'yan Mormon 17 a Haun's Mill, cikinsu har da yara. Ba a soke wannan umarni a hukumance ba sai 1976.

A Nauvoo ta jihar Illinois, Smith ya haɗa annabci da sarautar gari da shugabancin rundunar birnin, ya kuma fito takarar shugaban ƙasa a 1844. Da wasu tsofaffin na hannun damansa suka buga jarida suna tona batun auren mata da yawa da ake yi a ɓoye, majalisar gari ta sa aka farfasa injin ɗab'in. Aka tsare shi a kurkukun Carthage, inda gungun mutane suka afka suka harbe shi tare da wansa Hyrum ranar 27 ga Yuni, 1844. Mabiya suka ɗauke shi shahidi. Abokan gaba suka ce ɗan kama-karya ne da ya girbi abin da ya shuka. Ko da an karɓi dukkan zargin da aka yi masa, kisan fursunan da gwamna ya ɗauki alƙawarin kare ransa zalunci ne, kuma kotu ta sallami waɗanda aka gurfanar a kan kisan.

Brigham Young ya jagoranci mafi yawan mabiya suka ƙetare fako da duwatsu, suka isa kwarin Salt Lake a watan Yulin 1847. A can ne abin da ya fi ɓata musu suna ya faru. A watan Satumban 1857, lokacin da Shugaba James Buchanan ya tura soja Utah ake zaman ɗar-ɗar, mayaƙan Mormon na kudancin yankin suka yaudari ayarin matafiya 'yan Arkansas da alƙawarin kariya, suka kashe kimanin mutum 120 a Mountain Meadows, suka bar ƙananan yara 17 kawai. Shekaru da dama ana ɗora wa ƙabilar Paiute yawan laifin. Mutum ɗaya tak, John D. Lee, aka zartar wa hukuncin kisa, a 1877. Masana tarihi da yawa suna ganin Young bai ba da umarnin ba, amma zafafan huɗubobin lokacin da rufa-rufar da ta biyo baya suna wuyansa. Wata 'yar cocin, Juanita Brooks, ita ce ta fara bayyana gaskiyar lamarin filla-filla a littafinta na 1950, ta kuma sha tsangwama daga nata a kan hakan. A 2007 cocin ya bayyana nadamarsa a fili.

Auren mata da yawa

A 1852 cocin ya shelanta auren mace fiye da ɗaya a bainar jama'a, kuma kusan shekara 40 wannan batu ya mamaye duk wata magana a kansu. Jam'iyyar Republican, a manufofinta na 1856, ta jera shi da bautar da bayi a matsayin ragowar jahiliyya guda biyu da dole a kawar. Marubuta suka samu abin sayarwa. Littafin farko da Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes a cikinsa, a 1887, ya nuna Utah a matsayin ƙasar 'yan ina-da-kisa masu tilasta wa 'yan mata aure.

Mai karatu Bahaushe, wanda zama da kishiya ba baƙon abu ba ne a wurinsa, zai so ya san abin da ya tada hankalin Amurkawa haka. Wani ɓangare na amsar wariyar launin fata ne tsagwaronta. A shari'ar wani ɗan Mormon, George Reynolds, ta 1879, Kotun Ƙoli ta ce 'yancin addini ya kare aƙida amma bai kare kowane aiki ba, ta kuma kafa hujja da cewa auren mata da yawa al'adar mutanen Asiya da Afirka ce, abin ƙyama ga Turawa. Masu wa'azi da 'yan jarida suka riƙa kwatanta Utah da daular Turkawa, da nufin zagin ɓangarorin biyu a lokaci guda. Sai dai ba a nan amsar ta ƙare ba. Auren 'yan Mormon na wancan zamani ba shi da iyaka irin ta mata huɗu: Young ya auri fiye da mata 50. Cocin da kansa ya amince a 2014 cewa Smith ya auri tsakanin mata 30 zuwa 40, cikinsu har da yarinya 'yar shekara 14 da wasu matan da mazajensu na raye, kuma yawancin auren an ɓoye wa uwargidansa Emma. Wannan ya girgiza mabiya da dama da suka tashi ba su taɓa jin labarin ba.

Matan Utah kuwa sun ba masu son ceto su mamaki. An ba su damar zaɓe a 1870, shekara 50 kafin ta game duk Amurka, wasu na zaton za su yi amfani da ita su rusa tsarin. Ba su yi ba, sai majalisar tarayya ta ƙwace damar a dokar 1887, wadda kuma ta ba gwamnati ikon karɓe dukiyar cocin. Da matsin ya kai maƙura, shugaban cocin Wilford Woodruff ya sanar da daina sabon aure irin wannan a 1890, Utah ta zama jiha a 1896, aka sake ƙarfafa hanin a 1904. Yau duk wanda ya ƙara mata ana korarsa daga cocin, kuma ko a Afirka ba a yi wa mai mata biyu baftisma. Ƙananan ƙungiyoyin da suka ɓalle ne suka riƙe al'adar, kamar ta Warren Jeffs, wanda kotun Texas ta yanke wa ɗaurin rai da rai a 2011 saboda lalata da ƙananan yara da sunan aure. Jama'a da yawa ba sa bambance su da babban cocin, abin da ke matuƙar ɓata wa mabiyansa rai.

Daga abin tsoro zuwa abin misali

Bayan doguwar tuhumar da majalisar dattawa ta yi wa Sanata Reed Smoot, ɗan Mormon, daga 1904 zuwa 1907, wadda ta ƙare da barinsa a kujerarsa, kallon da ake musu ya fara juyawa. Ƙungiyar mawaƙan cocin ta fara shirin rediyo na mako-mako a 1929, wanda har yanzu ake yi. A 1936, tsakiyar karayar tattalin arziki, suka kafa tsarin tallafa wa mabuƙata da rumbunan abinci da gonaki, ana ciyar da shi da kuɗin abincin da mabiya ke bayarwa idan sun yi azumin Lahadi ɗaya a wata. Ezra Taft Benson, ɗaya daga manzannin cocin goma sha biyu, ya yi ministan noma a gwamnatin Eisenhower. Mutanen da aka tura wa soja suka zama alamar kishin ƙasa.

Daga nan ne sunan da suke da shi a yau ya kafu: mutane masu iyali da yawa, ba giya, ba taba, ba shayi ko kofi, masu fitar da ushirin abin da suka samu, masu tura samarinsu wa'azi na shekara biyu da kuɗin aljihunsu, bibbiyu, da farar riga da suna a ƙirji. Masu yabo suna ganin tarbiyya da riƙon amana. Masu suka suna ganin biyayya ga shugabanni da ta wuce kima, da matsin da mai shakka ke shiga idan danginsa da aikinsa da abokansa duk na coci ne. Masu fafutukar haƙƙin mata suna nuni da cewa maza kaɗai ake naɗawa firist. Masu sassaucin ra'ayi sun fusata da rawar da cocin ya taka a ƙuri'ar Kalifoniya ta 2008 kan ma'anar aure, lamarin da ya jawo zanga-zanga a ƙofar haikalinsu, yayin da malaman wasu addinai suka yaba masa. Waɗanda aka zarga da rusa iyali a ƙarni na 19, su ne ake zargi da tsananin riƙo da tsohon tsarin iyali a ƙarni na 21.

Kiristoci ne ko ba Kiristoci ba?

A binciken cibiyar Pew da aka fitar a 2012, kashi 97 cikin 100 na 'yan Mormon sun ce addininsu Kiristanci ne. A cikin sauran Amurkawa kusan rabi ne kawai suka yarda, kusan kashi ɗaya cikin uku suka ce a'a. Hujjar mabiya ita ce sunan Yesu Almasihu yana cikin sunan cocinsu, suna karanta Littafi Mai Tsarki, sun gaskata da mutuwarsa da tashinsa. Hujjar manyan coci-coci kuwa ta shafi tushe. 'Yan Mormon ba su karɓi aƙidar Triniti yadda majalisar Nikiya ta tsara ta ba. Suna cewa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki uku ne dabam-dabam masu manufa ɗaya, cewa Uba yana da jiki, cewa ɗan Adam zai iya ɗaukaka ya zama kamarsa a lahira. Suna da nassosi uku bayan Littafi Mai Tsarki, suna kiran shugabansu annabi mai rai, suna kuma koyar da cewa ikon cocin farko ya ɓace bayan manzanni sai da Smith ya maido shi. Saboda haka fadar Fafaroma ta yanke hukunci a 2001 cewa baftismarsu ba ta inganta ba. Masaniyar tarihi Jan Shipps, wadda ba 'yar cocin ba ce, ta kawo ra'ayi na uku: sabon addini ne da ya tsiro daga Kiristanci kamar yadda Kiristanci ya tsiro daga Yahudanci.

Siyasa ta gwada ƙarfin wannan saɓani. Cibiyar Gallup ta samu kashi 17 na Amurkawa a 1967 suna cewa ba za su zaɓi ɗan Mormon shugaban ƙasa ba, lokacin da George Romney, ɗan Mormon, ke neman takara. A 2012, lokacin takarar ɗansa Mitt, adadin kashi 18 ne. A 2011 wani babban fasto na Baptist a Dallas, Robert Jeffress, ya kira addinin ɓatacciyar ƙungiya a bainar jama'a. Amma ranar zaɓe kusan kashi 78 na fararen Kiristoci masu bishara Romney suka zaɓa. Aƙida ba ta sauya ba, buƙatar siyasa ce ta rinjaye ta.

Tarihi, matattu da kuɗi

Masana kimiyyar tono da na ƙwayoyin halitta da ba na cocin ba ba su sami shaidar al'ummomin da Littafin Mormon ya ambata ba, kuma bincike ya nuna asalin 'yan ƙasar Amurka na farko daga Asiya yake. A 1967 aka miƙa wa cocin guntayen tsofaffin takardun Masar da Smith ya mallaka, waɗanda ake alaƙantawa da Littafin Ibrahim da ya ce ya fassara, masana harshen Masar na dā suka ce rubutun jana'iza ne. Masu kare addinin suna amsawa cewa wasu takardun sun ɓace, ko kuma fassarar ta wahayi ce. Ga yawancin mabiya dai hujjar ita ce natsuwar zuciya bayan addu'a, abin da mai suka ba ya karɓa a matsayin hujja.

Baftisma a madadin matattu ta haddasa wani rikicin. Don ita ne cocin ya tara taskar tarihin zuriya da ke cikin mafi girma a duniya, wadda kowa ke amfana da ita kyauta. Mabiya suna ɗaukar aikin kyauta ce da mamaci zai iya karɓa ko ya ƙi. Yahudawa, da suka tarar da sunayen waɗanda 'yan Nazi suka kashe a cikin jerin, sun ɗauke shi cin zarafi. An yi yarjejeniyar dainawa a 1995, aka riƙa karya ta, har cocin ya nemi afuwa a 2012. Ta fuskar dukiya kuma, a 2023 hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta Amurka ta ci cocin da kamfanin zuba jarinsa, Ensign Peak Advisors, tarar dala miliyan 5 saboda ɓoye girman jarin da ya kai dala biliyan 32 a bayan kamfanonin jeka-na-yi-ka. Wasu mabiya suka ce tanadi ne don ranar wuya. Wasu suka tambayi dalilin karɓar ushiri daga matalauta alhali ga wannan dukiya a ɓoye.

Baƙar fata da Afirka ta Yamma

A zamanin Smith an naɗa baƙaƙe kaɗan firist, kamar Elijah Abel. Daga 1852 Young ya haramta hakan, aka kuma hana baƙaƙe maza da mata manyan ibadun haikali, ana kafa hujja da la'anar Kayinu. Hanin ya kai har watan Yunin 1978, lokacin da shugaba Spencer W. Kimball ya sanar da wahayin ɗage shi, shekara 14 bayan dokar haƙƙin farar hula ta Amurka. A 2013 cocin ya yi watsi da duk hujjojin da aka kafa a baya, amma bai nemi afuwa a hukumance ba, kuma wannan tabo ne da mabiya baƙaƙe da yawa ke cewa bai warke ba.

Duk da hanin, tun shekarun 1950 da 1960 wasu Kiristoci a kudu maso gabashin Nijeriya da gaɓar tekun Ghana suka samu littattafan cocin, suka kafa majami'u da sunansa, suna aika wasiƙu Utah a turo musu malamai. Da labarin wariyar ya fito a wata jaridar Nijeriya a 1963, gwamnati ta hana 'yan mishan biza, yaƙin basasa kuma ya rufe batun. Sai a Nuwamban 1978 suka iso, aka yi wa malamin makaranta Anthony Obinna baftisma bayan shekaru yana jira. A Ghana gwamnatin Jerry Rawlings ta dakatar da ayyukan cocin daga Yunin 1989 zuwa ƙarshen 1990, cikin zargin cewa yana yi wa ƙasar zagon ƙasa. An buɗe haikalin Accra a 2004, na Aba a 2005, kuma yankin yana cikin inda cocin ya fi saurin yaɗuwa. Wasu maƙwabta suna zarginsu da zama ƙungiyar asiri saboda ba a barin wanda ba mamba ba ya shiga haikali, ko da yake ɗakunan ibadarsu ta Lahadi a buɗe suke ga kowa.

Ga Musulmi, da'awar annabci bayan Annabi Muhammad (SAW) da siffanta Allah da jiki sun saɓa wa tushen aƙida, kuma kamannin da Turawa suka daɗe suna nema tsakanin addinan biyu na sama-sama ne. A mu'amala kuwa akwai kusanci. A 1978 shugabannin cocin sun ambaci Annabi (SAW) cikin manyan jagororin da suka ce Allah ya ba haske, jami'arsu ta Brigham Young ta buga fassarar Tahafutul Falasifa na Imam Gazali, kuma a 2015, da aka fara kiran hana Musulmi shiga Amurka, cocin ya fitar da sanarwar kare 'yancin addini.

Binciken Pew na 2023 ya nuna kashi 15 na Amurkawa ke musu kallon alheri, kashi 25 akasin haka, kusan kashi 59 kuma ba su da ra'ayi ko sun ce ba su san su sosai ba. A binciken nan, babu wata ƙungiya, har da Musulmi da waɗanda ba su yarda da Allah ba, da masu ƙinta a cikin 'yan Mormon suka fi masu sonta yawa. Tun 2018 cocin ya roƙi a daina kiran mabiyansa 'yan Mormon, laƙabin da abokan gaba suka fara sa musu, a riƙa ambaton cikakken sunansa mai ɗauke da sunan Yesu Almasihu. Wasu kafofin labarai sun bi, yawancin jama'a kuwa suna nan a kan tsohon sunan.